SUNAYEN ITATUWA DA KALMOMIN MALAMAN GONA: ME SU KE NUFI?

A wannan wata muna so mu yi magana a kan waɗansu kalmomi da suka shigo gidajenmu ba sallama. Suna cikin littattafan da 'ya'yanmu ke haddacewa saboda jarrabawa, suna jikin ledar iri da galan ɗin maganin feshi, suna kuma bakin malamin gona da na asibiti. Yawancinmu mu kan ce wannan Turancin 'yan boko ne, ba ruwanmu. Amma a ƙasarmu ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda kusan kowane gida ya dogara ga masara da dawa da shinkafa, rashin gane kalma guda a jikin galan ya kan jawo asarar gona ɗungum. Da yawa daga cikin kalmomin nan ma ba Turanci ba ne. Latin ne da Helenanci, shi kansa Bature sai ya koye su kamar yadda mu ke koya.

Bari mu fara da sunaye. Itacen nan mai ɗaci da ke ba mu inuwa a bakin hanya da filin makaranta, a Kano darbejiya a ke ce masa, waɗansu su ce dogon yaro, waɗansu maina, a Nijar kuwa bedi. Itace ɗaya, suna huɗu, duk a cikin harshe ɗaya. Wani lokaci kuma suna ɗaya ne ke hawa kan abubuwa biyu da ba su haɗa komai ba. Gwanda da gwandar daji ba 'yan'uwa ba ne. Dankali da dankalin Turawa ma haka: dankalin Turawa ɗan'uwan tumatir ne da gauta da barkono da taba, namu dankalin kuwa ɗan'uwan duman rafi ne, wannan mai yaɗo a bakin fadama. To, in likita a Kano zai rubuta wa likita a Indiya game da wani ganye, da wane suna zai kira shi?

Wanda ya shirya hanyar da a ke bi har yau wani mutumin ƙasar Suwidin ne, Carl Linnaeus, ɗan wani fasto na ƙauye. A littafin da ya fitar a 1753 ya ba kowane tsiro suna biyu. Na farko sunan gida ne, wanda tsiron ke tarayya da 'yan'uwansa na kusa. Na biyu kamar sunan yanka ne, nasa shi kaɗai. An zaɓi Latin domin a zamanin shi ne harshen masu ilimi a Turai duka, kuma tun da ba wata al'umma da ke ciniki da shi a kasuwa, ba ya sākewa. Yaro ya lura: sunan gida da babban baƙi a ke fara shi, na biyu da ƙarami. Masu duba jarrabawa su kan rage maki a kan wannan.

Sunayen nan ba surutu ba ne, kowanne da ma'anarsa. Ɗauki ɗorawa, wadda ba gonar kirki a ƙasarmu da ba ta da ita. Sunanta Parkia biglobosa. Kashi na biyu yana nufin mai dunƙule biyu, saboda jan furen nan nata da ke reto, ƙaramin dunƙule a sama, babba a ƙasa. Kashi na farko kuwa sunan mutum ne, Mungo Park, matafiyin nan ɗan Sikotlan da ya mutu a Kwara wajen Busa a 1806. An raɗa sunan a 1826, a cikin littafin tafiyar su Denham da Clapperton, waɗanda suka kwashi ganyaye daga Borno da ƙasar Hausa suka kai Ingila. A shekarar nan kuma Clapperton ya sāke dawowa, ya bi ta Bebeji a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya rubuta labarin garin. Watau sa'ad da a ke buga sunan ɗorawa a London, mutumin da ya taimaka aka san ta yana tafe a ƙarƙashin ɗorawoyinmu.

Kuka ita ce Adansonia digitata. Adanson Bafaranshe ne da ya zauna a Sanagal wajen 1750, digitata kuwa mai yatsu ke nan. Tsinko ganyen kuka babba ka buɗe tafin hannunka kusa da shi, ka ga dalili. Gawo Faidherbia albida ne, an ɗauko daga sunan wani gwamnan Faransa a Sanagal, albida kuma fari-fari, saboda launin rassansa. Tsofaffin littattafai suna kiransa Acacia albida, haka kuma kaɗanya da a ke kira Vitellaria paradoxa yanzu, dā Butyrospermum parkii ce, watau ƙwaya mai man shanu ta Park. Masana su kan sāke suna in bincike ya nuna an sa tsiro a gidan da ba nasa ba, don haka kada yaro ya rikice in littafin yayansa ya saɓa da nasa. Gyaɗa Arachis hypogaea, mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Zogale Moringa oleifera, mai ba da mai. Ta tsamiya ce mai ban dariya. Sunanta Tamarindus indica ya fito daga Larabci, dabinon Indiya, aka kuma ƙara mata Indiya a karo na biyu, alhali masana sun fi yarda asalinta nan Afirka ne.

Mun san abin da wani dattijo zai ce, gama mu ma mun faɗe shi: kakanninmu suna daka kalwa suna yin daddawa, suna shafe daɓe da makuba, shekaru aru-aru kafin a haifi Mungo Park, ta yaya itacen ya zama nasa? Maganar tana kan hanya. Mai alƙalami shi ya raɗa suna, mai gona ba a tambaye shi ba. Amma ba duka aka ƙwace ba. Duk wanda ya ratsa dajin Falgore a hanyar Jos ya ga itacen doka, mai jajayen sababbin ganye kafin saukar damina. Sunansa a dukan duniya Isoberlinia doka, da Hausarsa. Iburu, ɗan'uwan acca, Digitaria iburua ne. Ciyawar gamba da mu ke yin zana da ita, an kai ta Ostareliya don kiwon shanu, har ta gagare su ta zama annoba, can ma gamba su ke ce mata.

Akwai kuma wani Bature da ya saurari mutanenmu da kyau. Likita ne, J. M. Dalziel, ya fara aikin mishan a ƙasar Sin kafin ya zo aikin gwamnati a Nijeriya ta Arewa. A 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa, yana jera abin da manoma da mafarauta da masu magani suka gaya masa, kowane suna da na Latin a gefensa. Har yau malaman jami'a suna komawa gare shi. An sa sunansa a kan itacen hano, wanda waɗansu ke kira ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda, da ke son wuraren duwatsu irin na Riruwai: Boswellia dalzielii. A nan ne sunan gida ya nuna amfaninsa. Lubban ɗin da masanan nan suka kawo kyauta a Baitalami, ƙaro ne na wani itace a ƙasar Larabawa da Somaliya wanda shi ma sunan gidansa Boswellia. Mur kuma daga gidan Commiphora ya ke fitowa, gidan dashi ke nan, wanda mu ke kafawa a shinge. Malamin makarantar Lahadi da ke neman abin nuna wa yara a watan Disamba, ya ƙona ɗan ƙaron hano su shaƙa.

Yanzu sai kalmomin da suka shafi aljihu.

Masana suna bambanta jinsi da iri, mu kuwa mu kan ce iri ga duka biyu. Jinsi shi ne taron halittu da ke iya haihuwa da juna, 'ya'yansu kuma su haihu. Doki da jaki jinsi biyu ne, shi ya sa alfadari ba ya haihuwa. Kaura da farafara da takanda da karan dafi duk jinsi ɗaya ne, dawa ce, iri ne ya bambanta. Gero da maiwa da dauro ma jinsi ɗaya. Gidaje masu kama da juna kuma a kan tara su a ce dangi. Dangi biyu ne suka fi damun manomi. Na farko dangin ciyawa: masara, dawa, gero, shinkafa, alkama, rake, har da gora. In sun tsiro da ganye ɗaya su ke fitowa kamar tsinke, jijiyoyin ganyensu a miƙe, saiwarsu kamar gashi. Na biyu dangin masu kwanso: wake, gyaɗa, waken soya, gurjiya, da manyan itatuwa irin su ɗorawa, tsamiya, gawo da doka. Su suna cikin babban rukunin masu faɗin ganye, tare da tumatir da kuɓewa da auduga.

Me ya sa za mu damu da wannan? Domin masu yin maganin ciyawa da wannan rabon su ke aiki. Akwai magani mai zaɓe, akwai mai kashe duka. Irin su gilifoset ba sa zaɓe, duk koren da suka taɓa ya tafi. Wanda a ke kira 2,4-D masu faɗin ganye ya ke kashewa ya bar dangin ciyawa, shi ya sa a ke fesa shi a shinkafa, amma in iska ta kwashe shi zuwa gonar tumatir ko audugar maƙwabci, sai a kai ga gaban mai unguwa. Atarazin masara tana jure shi, wake da gyaɗa ba sa jurewa. Mu kuwa al'adarmu ce mu tsarma wake a cikin masara. Kowace damina a kan sami wanda ya fesa abin da ya ga maƙwabcinsa ya fesa, ba tare da tuna cewa gonar maƙwabcin masara ce zalla ba, bayan kwana kaɗan waken uwargida ya ƙone. Kafin a biya kuɗi a Kwanar Dangora ko kasuwar Tudun Wada, a sa yaron da ya iya karatu ya duba sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe, gama sunan kamfani da hoton jikin galan ba su ne maganin ba. Galan ɗin da aka wanke sama-sama ma ya kan yi ɓarna a feshi na gaba.

Dangin masu kwanso suna da wata baiwa. Tumɓuke gyaɗa ko waken soya mai lafiya, ka duba saiwar, za ka ga ƙananan ƙulu-ƙulu. Waɗansu suna tsammani cuta ce. Fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, aiki ya ke yi. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani ke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ba tsiron, shi kuma yana ciyar da su. Naitirojin ɗin nan shi ne abin da mu ke saye da tsada a buhun yuriya. Irin wannan zama na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne yara ke haddacewa da sunan simbayosis. Kakanninmu ba su san kalmar ba, amma sun san gonar da aka yi gyaɗa bara ta kan yi dawa bana, sun kuma hana a sare gawo a gona.

Kishiyar wannan ita ce farasait, watau ci-ma-zaune, mai rayuwa a jikin wani yana cutarsa. Kauci a kan kaɗanya misali ne, kaska a jikin sa, tsutsar ciki a jikin yaro. Amma sarkinsu a gonakinmu wuta-wuta ce, ko ƙuduji. Sunanta Striga, kalmar da ke nufin mayya a Latin, ba a kuwa yi mata ƙarya ba. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa, suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba ta tsirowa sai ta ji ruwan da saiwar dawa ko masara ke fitarwa. Sa'an nan ta manne wa saiwar ta yi ta tsotsa makonni a ɓoye. Lokacin da mu ke ganin kyakkyawan furen nan nata, ta riga ta gama yawancin ɓarnarta. Wanda ya gane haka zai gane dalilin shawara biyu da malaman gona ke bayarwa. A cire ta a ƙone kafin ta zubar da 'ya'ya, ba don amfanin bana kaɗai ba, don na shekaru masu zuwa. A kuma juya gonar da waken soya ko auduga ko gyaɗa, gama saiwarsu tana ruɗinta ta tsiro, ta rasa abin kamawa, ta mutu. A lura dai, wake yana da tasa wuta-wutar dabam, wani jinsi ne, ba ta dawa ba.

Kalmar aure ma tana rikita mutane, domin abu biyu mu ke kira da ita. Mangwaro ko lemo mai aure, reshen itace mai kyau ne aka ɗaura a kan gindin wani. In ka shuka ƙwallonsa ba lalle ka sami irin uwar ba, sai ka sāke yin auren. Masara mai aure, wadda 'yan kasuwa ke kira haibirid, wani abu ne dabam. Masara tana da namiji da mace a jiki ɗaya: bununin da ke can ƙoli shi ne namiji, gemun da ke kan goyo shi ne mace, kowane zare ɗaya na gemun ƙwaya ɗaya ce. Masu yin iri su kan shuka layi biyu na iyaye da aka zaɓa, su cire kan ɗaya domin ɗayan ya ba shi bununi. 'Ya'yan farko su ne a ke rubuta wa F1 a jikin leda. Suna da ƙarfi, tsayinsu ɗaya, goyonsu ɗaya. Amma in ka ɗebi iri daga cikinsu ka shuka baɗi, jikoki sai su rarrabu, wani ya ɗauko kaka na wajen uwa, wani na wajen uba, amfani ya ragu. Wani malamin zuhudu mai suna Gregor Mendel ne ya fara bayyana wannan ƙa'ida a 1866, da ɗan wake a lambun gidan ibadarsu. Saboda haka mai sayar da iri bai cuce ka ba in ya ce ka dawo baɗi, haka abin ya ke. Wanda ba shi da halin saye kowace shekara ya tambayi irin da ba na aure ba, wanda a ke iya ajiyewa shekara biyu ko uku in gonar ba ta manne da ta wani iri ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tana fitar da kashi biyun duka. Sunayen irinta suna farawa da SAM: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin ko wanne ne, a tambaya.

Ƙwayoyin cuta ma mu kan haɗa su a suna ɗaya, alhali kashi-kashi ne. Bakteriya halitta ce mai rai da kanta, akwai masu cuta, akwai masu amfani, kamar masu sa nono ya yi tsami da masu nunar da daddawa. Bairos ya fi ta ƙanƙanta nesa, ba ya hayayyafa sai a cikin jikin wani, kafso ɗin nan da a ke saya a kemis ba ya taɓa shi. Mura da ƙyanda bairos ne. Dattawa suna tuna 1975, shekarar da gyaɗa ta tsuke ta dunƙule a ƙasar Kano da maƙwabtanta, aka yi asarar da ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa. Bairos ne, darɓa ce kuma ta yi dakonsa daga tsiro zuwa tsiro. Mai irin wannan dako shi a ke kira bekta, kamar sauro ga zazzaɓin cizon sauro. Tsargiya kuwa tsutsa ce, sai ta kwana a jikin ƙananan katantanwa na ruwa kafin ta huda fatar mutum. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya zauna kusa da mu rani da damina, albarka ce babba, amma yaron da ke wanka a kwata yana fitsarin jini asibiti za a kai shi, ba alamar balaga ba ce. Kashi na uku fumfuna ce. Wata irinta mai launin kore-rawaya tana kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, ta bar dafin da a ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, wanda dahuwa ba ta kashe shi. Ƙwayar da ta yi fumfuna ba ta kunu ba ce, ba ta kaji ba ce.

Akwai waɗansu sunaye huɗu da mu ke roƙon kowace uwa ta sa a rubuta mata a bayan katin asibiti. Idon zakara, jajayen 'ya'yan nan masu baƙin ɗigo da yara ke wasa da su, Abrus precatorius ne. Kashi na biyu na nufin na addu'a, domin a waɗansu ƙasashe da su a ke yin carbi, amma ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya kisa. Zurma Ricinus communis ce, ricinus kuwa kaska ke nan a Latin, don kamar da ƙwayar ta yi da ita. Bini-da-zugu da ke shingen gidaje da yawa Jatropha curcas ne, 'ya'yansa suna da daɗi a bakin yaro kamar gyaɗa, sai amai da zawo su biyo baya. Zaƙami kuma Datura ne, mai juya hankali. Likitan da aka turo mana yana iya zama mutumin Inugu ko Ibadan, bai taɓa jin bini-da-zugu ba, amma ya karanta Jatropha. In yaro ya ci ɗaya daga cikinsu, kada a tsaya ba shi manja ko a sa masa yatsa a maƙogwaro. A tsinko reshen da ganyensa da 'ya'yansa, a riƙa a hannu, a tafi asibiti da shi nan take.